Lafiyar asusun ƙungiyar da ke ma gwamnati wa'azin tsimi: misalin Concord Coalition a Amurka

0. Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wani jinsin ƙungiyoyi masu zaman kansu waɗanda ba su gina asibiti, ba su haƙa rijiya, ba su raba hatsi. Aikinsu shi ne bin diddigin kasafin kuɗin gwamnatin tarayya, su lissafa abin da kowace sabuwar doka za ta ci, sannan su yi ta jan kunnen ƴan majalisa da jama'a dangane da giɓi da bashi. Tambayar da za mu duba a cikin wannan takarda ita ce: wanda ke ma gwamnati wa'azin tsimi da tanadi, ta yaya za a gane ko nasa asusun lafiya lau yake? Mun ɗauki ƙungiyar Concord Coalition a matsayin misali domin tarihinta sananne ne, kuma dokokin da take aiki ƙarƙashinsu a rubuce suke. Abin da muke so mu nuna shi ne layin ƙarshe na lissafin shekara, watau rara ko giɓi, inda ido ke fara sauka, ba ya gaya ma mai karatu wani abin kirki game da irin wannan ƙungiya.

Kafin mu ci gaba sai mun daidaita kalma guda. Galibi akan ce ma waɗannan ƙungiyoyi « marasa riba », kuma wannan suna yana sa mutane su zaci haramun ne kuɗi ya saura a hannunsu ƙarshen shekara. Ba haka ba ne. Abin da doka ta hana shi ne a raba abin da ya saura tsakanin shugabanni ko membobi. Masanin shari'a Henry Hansmann ya nuna tun 1980 cewa wannan hanin rabo shi ne ainihin abin da ya bambanta su da kamfani, kuma dokar Faransa ta 1901 kan ƙungiyoyi, wadda masu karatunmu suka fi sani, a kan wannan tushe take. Saboda haka a nan za mu ce rara ga abin da ya saura ya zauna cikin asusu, mu bar kalmar riba ga abin da ake rabawa.

1. Asalin ƙungiyar

An kafa Concord Coalition a cikin 1992, shekarar da giɓin kasafin kuɗin Amurka ya kai dala miliyar 290, bashin gwamnati kuma ya haura miliyar 4000. Mutum uku suka kafa ta: Paul Tsongas, tsohon sanata na jam'iyyar Dimokurat, da Warren Rudman, sanata na jam'iyyar Rifablikan, da kuma Peter G. Peterson, wanda ya yi ministan kasuwanci zamanin Nixon kafin ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin zuba jari na Blackstone a 1985. Haɗa ƴan jam'iyyun biyu da gangan aka yi, domin ƙungiyar ta iya cewa ba ta kowa ba ce. Lokacin ya dace da ita: a zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekara Ross Perot, wanda ba ya da babbar jam'iyya, ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u, alhali giɓi ne babban abin da ya yi ta magana a kai.

Shekara shida bayan haka buƙata ta biya. Daga 1998 zuwa 2001 gwamnatin tarayya ta yi rara shekara huɗu a jere, har rarar 2000 ta kai miliyar 236. Wani allon lantarki da ke ƙidayar bashin ƙasa a birnin Nuyok tun 1989 sai da aka kashe shi a 2000, domin ba a yi shi don ya ƙirga da baya ba. An sake kunna shi a 2002, kuma a 2008 gurabensa suka kasa ɗaukar adadin da bashi ya kai, watau miliyar 10 000. Wannan allo ya nuna wani hali na ƙungiyoyin da muke magana a kansu. Likita ba ya rasa aiki don majinyaci guda ya warke, amma ƙungiyar da aka kafa don cuta guda a jikin majinyaci guda, ranar da aka ce ya sami sauƙi sai ta bayyana ma masu ba ta kuɗi dalilin da ya sa za ta ci gaba. Concord ta amsa da cewa rarar ta ɗan lokaci ce, tun da waɗanda aka haifa da yawa bayan yaƙin duniya na biyu suna gab da yin ritaya, kuma kuɗin fansho da na magani za su hau. Tarihi ya ba ta gaskiya a kan komawar giɓi: miliyar 1400 a 2009, miliyar 3100 a 2020.

2. Hajar da ba ta da mai saye

Makaranta mai zaman kanta tana karɓar kuɗin karatu, asibiti yana karɓar kuɗin magani. Ƙungiyar da ke neman a daidaita kasafin kuɗi ba ta da abin da za ta sayar. In ta yi nasara, amfanin ya watsu kan kowa, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, kuma wanda bai ba da ko sisi ba zai ci moriya daidai da wanda ya bayar. Mancur Olson ya yi bayanin wannan tun 1965: idan amfani ya watsu kan jama'a mai yawa, kowa yakan jira wani ya biya; idan kuwa ya taru kan rukuni sananne, rukunin yakan haɗa kai da sauƙi.

Ya isa a kwatanta da AARP, ƙungiyar tsofaffi da masu ritaya, wadda aka kafa a 1958 kuma take da membobi kimanin miliyon 38. Kowane memba ya san abin da yake karewa, watau fanshonsa da inshorar lafiyarsa. Bugu da ƙari, kuɗin da AARP ke samu daga kamfanonin da ke amfani da sunanta, musamman na inshora, sun fi kuɗin membobi yawa. Mai wa'azin tsimi kuwa cewa yake a ƙara haraji ko a rage abin da ake ba mutane, ko duka biyun, kuma Concord ta daɗe tana cewa duka biyun. Ba a tara miliyoyin membobi da irin wannan kira. Abin da ya rage ke nan shi ne gidauniyoyi, da kamfanoni, da masu hannu da shuni, da liyafar shekara inda ake sayar da kujera da tsada. Duk sauran bayaninmu daga nan ya samo tushe.

3. Takarda mai lamba 990: abin da take nunawa da abin da take rufewa

Concord tana ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji. Ma'anarsa ba ta biyan haraji kan kuɗin da ta samu, kuma wanda ya ba ta gudummawa yana iya cire adadin daga abin da za a yanka masa haraji a kai. A madadin haka, tun 1954 an hana irin waɗannan ƙungiyoyi goyon bayan ɗan takara, kuma an ƙayyade abin da za su kashe wajen neman a yi wata doka ko a soke ta. Wadda ta zaɓi tsarin da aka shigo da shi a 1976, komai girmanta ba za ta wuce dala miliyon 1 a shekara ba. Kowace shekara kuma sai ta miƙa ma hukumar haraji ta tarayya, IRS, takarda mai lamba 990, wadda kowa ke da ikon gani. A ciki akwai kuɗin shiga, da kuɗin da aka kashe, da kadarori, da bashi, da albashin manya. Wadda ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa ba, matsayinta ya faɗi kai tsaye. Tun 2013 gidan jaridar ProPublica ya zuba waɗannan takardu a intanet kyauta.

Ga ɗalibi wannan ganima ce, amma akwai tarko uku a ciki.

Na farko ya shafi lokaci. Bisa ga ƙa'idar lissafi da aka kafa a Amurka a 1993, idan gidauniya ta yi alkawarin tallafi ba tare da sharaɗi ba, ana rubuta adadin gaba ɗaya a shekarar alkawari, ko da kuwa kuɗin zai shigo kashi-kashi. Mu ƙaddara misali, wanda namu ne, ba na wata ƙungiya ba:

(1) Gidauniya ta yi alkawarin dala miliyon 3 na shekara uku. Ƙungiya tana kashe miliyon 1 kowace shekara a kan aikin. Takardar shekara ta farko za ta nuna rarar miliyon 2, ta biyu giɓin miliyon 1, ta uku giɓin miliyon 1.

Babu abin da ya canza a cikin ofishin: ma'aikata su ne dai, haya ita ce dai. Amma ɗan jaridar da ya ɗauki takardar shekara ta uku kaɗai yana iya rubuta cewa masu wa'azin tsimi sun yi shekara biyu suna cin fiye da abin da suka samu, kuma labarin zai yi daɗi a baki. Wanda ya ɗauki ta farko kaɗai zai ce suna tara dukiya. Dukansu biyu sun yi kuskure. Don haka ba a karanta takarda guda. Sai a jera na shekara biyar ko fiye, a haɗa shiga da fita, sannan a duba.

Na biyu ya shafi igiya. Lissafin kadarori, abin da Faransanci ke kira bilan, yana raba abin da ƙungiya ta mallaka gida biyu: kuɗin da mai bayarwa ya ɗaure ma wani aiki ko wani lokaci, da kuɗin da ba igiya a wuyansa. (Kafin gyaran 2016 gida uku ne, abin da ke ɗan wahalar da mai kwatanta tsofaffin takardu da sababbi.) Ƙungiya tana iya nuna miliyoyi a banki alhali ba ta da abin biyan haya, domin kuɗin na wani rangadin wayar da kai ne ko na wani rahoto da aka yi oda. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin wata ƙungiya a Yamai ko Maradi ya san wannan yanayi, inda kuɗin taro ke kwance amma ba na wutar lantarki. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne a ɗauki kuɗin da ba igiya, a cire abin da ya daskare cikin gini da kayan aiki, a raba da abin da ake kashewa a wata. Abin da ya fito shi ne yawan watannin da ƙungiya za ta rayu in an rufe famfo yau. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce wata uku zuwa shida. A ganinmu wannan ya yi kaɗan ga ƙungiyar da kusan duk kuɗinta albashin masana ne. Masanin kasafin kuɗi da aka sallama ba ya zaman jira. Ya tafi majalisa ko banki ko jami'a, kuma abin da ya sani ya tafi da shi.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne takardar ta fi rufewa. Ƙungiya tana gaya ma IRS sunayen manyan masu ba ta kuɗi, amma a kwafin da jama'a ke gani an ɓoye sunayen. Akwai dai gwajin da ake kira na tallafin jama'a: a cikin shekara biyar, aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kuɗin ƙungiya ya fito daga jama'a, kuma abin da mutum guda ko gidauniya guda mai zaman kanta ta bayar ba a ƙirga shi fiye da kashi 2 cikin ɗari na jimla. A ido wannan ya yi tsauri. Ga yadda yake a lissafi, da wani misalin namu:

(2) Jimlar shekara biyar dala miliyon 10. Gidauniya guda ta ba da miliyon 6, ƙananan masu bayarwa miliyon 4. Daga miliyon 6 ɗin za a ƙirga dala 200 000 kaɗai. Tallafin jama'a ya zama miliyon 4,2, watau kashi 42 cikin ɗari. Ƙungiya ta ci gwaji.

Ke nan ƙungiyar da kashi 60 cikin ɗari na abincinta daga tukunya guda yake, a idon doka « mai tallafin jama'a » ce. Dabarar da ta rage ma mai bincike ita ce ya bi ta bayan gida: gidauniyoyi masu zaman kansu suna cika tasu takardar, mai lamba 990-PF, kuma su dole ne su jera sunan kowace ƙungiya da suka ba tallafi da adadin. Sai a tattaro daga wajen masu bayarwa abin da mai karɓa bai faɗa ba.

4. Alamomin rauni

A 1991 Howard Tuckman da Cyril Chang suka ba da alamomi huɗu na ƙungiyar da girgiza guda za ta iya kayarwa: ƙarancin abin da ta mallaka bayan an cire bashi, da ƙarancin rara, da taruwar kuɗin shiga a hanya kaɗan, da ƙarancin kuɗin gudanarwa. Taruwa ana auna ta da sauƙi: a ɗauki kason kowace hanya, a ninka shi da kansa, a haɗa. Hanya huɗu daidai wa daida suna ba da 0,25; hanya guda mai kashi 70 da uku masu kashi goma-goma suna ba da 0,52; hanya guda tilo tana ba da 1.

Alama ta huɗu ce ke ba mutane mamaki, domin an saba yaba ƙungiyar da ke kashe kaɗan a ofis. Takarda 990 tana raba kashe kuɗi gida uku, aiki da gudanarwa da neman tallafi, kuma wata hukumar sa ido, BBB Wise Giving Alliance, tana neman aƙalla kashi 65 cikin ɗari ya tafi ga aiki. Hujjar Tuckman da Chang ita ce wadda ta riga ta yanke gudanarwa har ƙashi ba ta da abin yankewa ranar wuya sai aikin kansa. A 2013 manyan hukumomin sa ido uku na Amurka da kansu suka fitar da wasiƙa suna roƙon masu bayarwa su daina auna ƙungiyoyi da wannan kaso kaɗai. Ga ƙungiyar wa'azin tsimi ma'aunin ya fi rashin ma'ana, domin iyakar da ke tsakanin gidajen uku ba ta da katanga. Shugaban da ya yi jawabi kan bashin ƙasa a gaban attajirai, aiki ya yi ko neman tallafi? Akawu ne ke yankewa, kuma kowa ya san ɓangaren da alƙalaminsa zai karkata.

5. Inuwar mai bayarwa guda

A 2007 aka sa Blackstone a kasuwar hannun jari, Peterson ya sami dukiya mai yawa, kuma a 2008 ya kafa gidauniya mai sunansa da alkawarin dala miliyar 1. Shugabanta na farko shi ne David Walker, wanda ya bar muƙamin babban mai binciken kuɗin gwamnatin tarayya, kuma wanda tun 2005 yake rangadin jihohi tare da Concord da masana daga cibiyoyin Brookings da Heritage suna gargaɗi kan bashi. Gidauniyar ta ba Concord tallafi, ta kuma ba ƙanwarta a wannan fage, ko mu ce yayarta tun da an kafa ta a 1981, watau Committee for a Responsible Federal Budget.

In aka bi ma'aunin akawu, wannan alheri ne tsantsa: albashi ya tabbata, ana iya tsara aikin shekaru. Amma akwai kadara guda da ba ta bayyana a kowane layi na takarda 990, kuma da ita ƙungiyar ke ci: yardar ƴan jarida da ƴan majalisa cewa alƙalumanta ba na wani ba ne. Masu suka, irin su masanin tattalin arziki Dean Baker, sun daɗe suna cewa muryoyin da ake ji kamar masu yawa kan batun bashi daga aljihu guda suke, kuma inda suka nufa shi ne a rage fansho da inshorar lafiyar tsofaffi. A ƙarshen Disamba 2009 jaridar Washington Post ta buga wani labari kan bashi wanda The Fiscal Times ta rubuta, kafar da Peterson ya ɗauki nauyinta. Labarin ya ambato shugaban gudanarwar Concord, Robert Bixby, ba tare da ya ce ƙungiyar tana karɓar kuɗi daga gidauniyar Peterson ba. Daga baya jaridar ta buga gyara. Ko dala guda ba ta fita daga asusun Concord ba a wannan rana, amma an ba masu suka sanda.

Ba mu ganin adalci ne a ce kuɗi ya sayi ra'ayi a nan. Concord ta riga gidauniyar da shekara goma sha shida, Peterson yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma abin da take faɗi bayan 2008 shi take faɗi tun kafin. Haɗarin ya fi haka ɓoyuwa. Ƙungiyar da ta sami babban mai bayarwa tana rage wahalar neman ƙanana, domin awa guda wajen rubuta rahoto ga gidauniya ta fi awa ɗari wajen aika wasiƙu kawo kuɗi. A hankali jerin ƙananan masu bayarwa ya tsufa, wasu su mutu, ba a maye gurbinsu ba, alhali su ne ke sa a ci gwajin da muka gani a misali na (2), kuma su ne ke kawo kuɗin da ba igiya. Duk wannan yana iya faruwa cikin shekarun da layin ƙarshe ke nuna rara.

Tsongas ya rasu a 1997, Rudman a 2012, Peterson a 2018, kuma ɗansa Michael ya riƙe shugabancin gidauniyar. Doka ta tilasta ma kowace gidauniya mai zaman kanta ta fitar da kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarta kowace shekara, amma ba ta faɗi wanda za a ba ba. Wannan shawarar kwamitin gidauniya ce, kuma yana iya canza ta a zama guda. Mai binciken da ke waje ba zai gani da wuri ba. Ana miƙa takarda 990 wata huɗu da rabi bayan rufe shekara, ana kuma iya neman ƙarin wata shida, sannan a jira ta fito fili. In tallafin da aka janye na shekara uku ne, kamar a misali na (1), giɓin shekarun ƙarshe zai yi kama da giɓin da aka saba gani, sai a shekara ta huɗu, inda ya kamata sabuwar rara ta bayyana, a ga ba ta zo ba.